Bangon Tsakiya

Tun kafin Goggo Asta ta cire takalmi Zinnira ta san ba alheri ta kwaso daga Kabo ba. Sallamarta ma daban ce ranar, irin ta wadda ta je neman aibu kuma ta samu.

"Hajaratu, ba ni ruwa tukuna. Yau na ga abu."

Inna Hajaratu, mahaifiyar Zinnira, ta miƙa mata kofin ruwan randa. Goggo ta shanye tas, ta goge baki da gefen mayafi, ta gyara zama a kan tabarma. Zinnira tana bakin ƙofar ɗakinta da tarin littattafan 'yan aji huɗu tana ba da maki, amma jan biron ya tsaya cak a hannunta.

Goggo Asta ƙanwar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba wanda ya aike ta ganin ɗakin amarya, don ko rana ba a sa ba. Ita ta aiki kanta. Ta ari tef ɗin awo a wurin tela, ta shiga mota daga Gwarzo har Kabo a wannan zafi na bazara.

"Wai gida! Kango dai aka shafa wa hoda. Soro ne tun na zamanin kakanni, ɗakuna biyu kamar akurki, ƙofa sai ka rusuna kamar za ka gaida hakimi. Na auna tsawo, na auna faɗi. Gadon nan da kika yi wa yarinyar nan, wallahi in aka haɗa shi a ciki ba za a sami wurin shimfiɗa darduma ba. Sif kuwa sai dai a jingine shi a tsakar gida kaji su kwana a kai."

Inna ta sunkuyar da kai, kuma hakan ya fi maganar Goggo tsorata Zinnira.

Ita kaɗai ce mace cikin 'ya'yan Inna shida. Shekara biyu ke nan da Inna ta sa kafinta a Kano ya yi mata gado da sif da madubi, suna can a shagon ƙaninta an lulluɓe su da leda. Duk lokacin da ta shiga birni sai ta je ta ɗaga ledar ta shafa fuskar gadon. Matan unguwa kuwa ba wadda ba a nuna wa hotonsa a waya ba.

"Goggo, ai ana iya..."

"Rufe mini baki, mara kunya! Ana zancen ɗakin aurenki kina tsoma baki." Goggo ta juya wajen Inna, ta sassauta murya. "Ga Zailani nan, Hajaratu. Gidan bulo, tayil har banɗaki, falo kamar filin ƙwallo. Nan cikin Gwarzo, in kika yi tari za ta ji ki."

Zailani ɗan wan mijin Goggo ne, mai sayar da hatsi, mutumin Getso. Ba mutumin banza ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Yana da salla, yana da kyauta. Laifinsa ɗaya, Zinnira ba ta son sa, kuma sau biyun da ya zo zance, labarin tsutsar wake ya yi ta ba ta har aka kira magariba.

Can Inna ta nisa ta ce, "Ni dai ban haifi 'yar da za a kai ta ɗaki a bar kayanta a waje ba."

Da Baba ya dawo daga masallaci aka zayyana masa komai. Ya saurara har suka gama.

"Na riga na ce Asabar ta sama zan je in ga gidan da idona. Ba ruwana da bulo ko ƙasa. In zan iya kwana a cikinsa da damina, 'yata ma za ta iya. In ba zan iya ba, magana ta ƙare."

Malam Badamasi ke nan. Shekara arba'in yana gina soraye daga Gwarzo har Dugabau, ciwon gwiwa ne ya sauke shi daga kan katanga. Ba ya yawan magana, kuma ba ya janye wadda ya yi.

Ja'afar kuwa, wanda duk wannan rigima a kansa ake yi, malamin gona ne a Kabo. Iyayensa sun rasu tun yana sakandare. Bara da aka raba gadon kakansa, tsohon gidan ya faɗo masa, don ba wanda ya so shi. Shekara tara ba kowa a ciki sai jemagu da gara. Ya bar ɗakin hayarsa, ya kwashi katifa da risho ya tare, ya ce da hannunsa zai tayar da gidan. In ya taso daga aiki sai ya tuɓe riga ya shiga ƙasa har magariba.

Da farko a waya yake kallon yadda ake yi. Ya sayo siminti ya shafe bangon zaure sumul, ya turo wa Zinnira hoto yana washe baki. Ba a yi wata ɗaya ba simintin ya fara ɓamɓarowa kamar ƙanzo.

To a nan ne Zinnira ta fito da dabararta. In ta kai wa Baba fura da hantsi ran da ba makaranta, sai ta ɗan zauna.

"Baba, wai me ya sa siminti ba ya kama bangon ƙasa?"

Tsoho da sana'arsa, ai sai ya ajiye ludayi. Ya gaya mata bangon ƙasa numfashi yake yi, in ka toshe shi sai ya tofar da abin da ka toshe shi da shi. Ya gaya mata yadda ake cuɗa ƙasa da yankakken haki a bar ta kwana bakwai ta ruɓa kafin a yi yaɓe. Ya gaya mata yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba, a shafe soro da ita ruwa ya riƙa zamewa. Wata rana indararo ne, wata rana maganin gara. Har sirrinsa ya faɗa mata: bangon gabas, inda ruwa ke duka, yaɓe biyu yake yi masa, sannan ya ja yatsu uku a karkace tun ƙasar tana ɗanya, don ruwa ya sami hanyar sauka.

Ita kuma tana komawa ɗaki sai ta rufe ƙofa ta karanta wa Ja'afar duka a saƙon murya.

Amma sai da ta sa ya yi mata alkawari. Abin kunya ne a ji budurwa tana tsara gidan da ba a kai ta ba, kuma Baba aikin namiji yake son gani, ba aikin 'yarsa da hannun wani ba.

"Ko da wasa kada sunana ya fito."

"Ba zai fito ba, Malama."

Haka aka yi wata biyar. Gida ya tashi, soro ya yi ƙyalli da makuba, tsakar gida ta sha daɓe. Saura ganin Baba kawai, sai ga Goggo da tef ɗinta.

Washegarin zuwan Goggo, Juma'a, Ja'afar ya iso bayan la'asar a kan babur ɗinsa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Zinnira ta fito ta zauna nesa kaɗan, suka gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, ya tambayi 'yan makaranta, ta amsa duka kanta a sunkuye. Hannuwansa ta kalla. Duk sun yi kanta, farcen babban yatsansa ya yi baƙi inda guduma ta same shi.

"Malama, lafiya? Idonki ya yi ja."

"Goggo ta zo gidanka."

"Ta zo. Har fura na sayo mata, ba ta sha ba. Ta auna ko'ina, har ɗakin girki."

"Ta ce gadon ba zai shiga ba."

"Gaskiya ta faɗa. Ɗakunan ƙanana ne."

"To sai ka zauna kana ce mini gaskiya ta faɗa?"

Hawayen da take ta riƙewa tun jiya suka ɓalle. Ja'afar ya rasa inda zai sa kansa, ya cire hula ya mayar.

"Don Allah ki daina. Ga fili a tsakar gida, bayan damina zan gina babban ɗaki, in sha Allahu."

"Bayan damina! Kafin a yanke gero an gama da ni. Ba ka san Goggo ba. Tun jiya Inna ba ta yi mini magana sai da dalili. Yau da safe na same ta tana kallon hoton gadon tana share ido."

"Baba fa ba zai yi miki dole ba."

"Ba zai yi ba. Amma in Inna ta ci gaba da kuka a gabana, ni zan yi wa kaina dole. Uwata ce, Malam. Ni kaɗai gare ta. Kana so in shiga gidanka ita tana jin kunyar matan unguwa?"

"Ba na so."

"Kana so in auri Zailani?"

Ya ɗago ya dube ta, idonsa shi ma ya kaɗa. "Wata biyar ina taka ƙasa da ƙafata. Duk tubalin da na ɗora, ke nake gani a cikin ɗakin. In kika auri wani, ban san me zan yi da gidan nan ba. Ban san me zan yi da kaina ba."

Ta share fuska da gefen hijabi. Tun daren jiya ta gama shawararta, jira kawai take ya kai nan.

"Ɗakunan biyu ba a jere suke ba? Bango ɗaya ne tsakaninsu. Ka fasa shi su zama ɗaya. Gado ya shiga, sif ya shiga, bakin Goggo ya mutu."

Ja'afar ya ce, "Bangon nan kauri gare shi fa, ya kusa kamu biyu. Ki tambayi Baba tukuna yadda kika saba."

"In na tambaye shi wannan ai na tona kaina. Wace budurwa ce za ta tambayi yadda ake haɗe ɗaki biyu kwana ɗaya bayan an dawo daga awo?"

"To bari in nemi magini ya duba."

"Kabo ce fa. Kafin ya koma gida labari ya iso Gwarzo, a ce ba kai ka yi aikin ba. Malam, a gidan magini aka haife ni. Bangon tsakiya raba ɗaki kawai yake yi, na waje su ke ɗauke da rufi. A makarantarmu an cire na tsakanin aji biyu, ba abin da ya faru."

Ba ƙarya ta yi niyya ba, haka ta ɗauka har zuciyarta. Sai dai makarantarsu rufin kwano ce, gidan Kabo kuwa soro ne. Abin da ba ta sani ba, wanda da ta tambaya da Baba ya gaya mata kafin ya haɗiye fura ɗaya, shi ne azara, itacen giginyar da ake jerawa ya ɗauki rufin soro, gajeruwa ce. Shi ya sa ɗakunan mutanen dā suke ƙanana. Azarar ɗakin hagu da ta ɗakin dama duk a kan bangon tsakiya suka ɗora kai, ga kuma ƙasar soro mai nauyin tsiya a bisansu.

"Kin tabbata?"

"Ka taɓa ganin na gaya maka abu ya ɓaci?"

Bai taɓa gani ba. Ya sa hularsa, ya ce to.

Ranar Asabar ya ɗauki diga. Ranar Litinin ya turo hoto: ɗaki ya zama fili fetal, hasken taga biyu ya haɗu a tsakiya. Bai cire bangon duka ba, don hankalinsa bai kwanta ba. Ya bar kamu ɗaya daga sama, ya bar ɗan ginshiƙi hagu da dama. Zinnira ta yi ta kallon hoton a ofishin malamai tana auna inda gado zai zauna da inda madubi zai tsaya. Ranar har tuwo ta ƙara.

Ranar Laraba da yamma ya kira, muryarsa ba daɗi.

"Malama, ƙasa tana zubowa daga sama. Kaɗan-kaɗan, kamar ana tankaɗe. Kuma abin da na bari a sama ya tsage a tsakiya, yatsana yana shiga."

Ta ce, "Ka cike tsagar, ka shafa farar ƙasa. Asabar kawai za mu wuce."

"Na cike jiya. Yau ta sake buɗewa. Na fitar da katifata zaure."

"To ka tokare da itace."

"Na sa ɗaya, ya lanƙwashe. Gobe zan nemo manya."

Ta kashe wayar ta fito tsakar gida. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana ɗauke da ƙamshin ruwan da aka yi a wani gari. Baba yana zaune a kujerarsa yana kallon hadarin. Ta zo har kusa da shi, bakinta ya buɗe, tambayar tana kan harshenta. Sai ta ga Inna a bakin murhu, ta haɗiye abarta ta wuce. Hadarin ya watse ba a yi ruwa ba.

Da asubar Alhamis Baba ya sa babbar riga, ya ɗauki sandarsa.

"Asabar ta yi nisa. Ruwa ya kusa, gara in ga soron tun yana bushe."

Zinnira ta kira Ja'afar. "Baba yana hanya." Abin da ta iya faɗa ke nan. Shi ma "Innalillahi" kawai ya ce, ya kashe.

Yadda ta koyar da darasi ranar, Allah kaɗai ya sani. Ta rubuta kwanan wata a allo ba daidai ba har sai da yara suka gyara mata. Da aka fita hutun tara ta kira Ja'afar, ba a ɗauka ba. Da aka tashi ta kira sau shida, shiru. Ta dawo gida ta tarar Goggo Asta ta riga ta iso, ta baje a tabarma tana ɓarar gyaɗa, wai ta zo jin sakamako.

Azahar ta wuce. La'asar ta wuce. Sai da rana ta yi sanyi sannan aka ji sallamar Baba.

Babbar rigar tana naɗe a kafaɗarsa. Wandonsa ya yi dumu-dumu da jar ƙasa har gwiwa, gemunsa ma ƙasa, yana ɗingishi fiye da kullum. Inna ta miƙe da sauri.

"Malam! Me zan gani haka? Kai da likita ya hana hawa ko da turmi?"

Ya zauna a kujerarsa, aka kawo buta ya wanke hannu, ya sha ruwa. Fuskarsa ba ta nuna komai. Zinnira tana tsaye a bayan labulen ɗakinta, ta riƙe wayarta a ƙirji da hannu biyu.

"Yaya, ka gani da idonka ko?" in ji Goggo.

"Na gani. Ya cire bangon da azara take kwance a kai. Da an ƙara kwana biyu, ko an yi ruwa ɗaya mai kyau, da soron nan ya zauna a ƙasa da duk wanda yake ciki."

Inna ta dafe ƙirji tana salati. Goggo ta watsar da gyaɗa ta tafa hannu.

"Kun ji ko! Ni na ce akurki, ashe kabari ne! Wannan za a ba 'ya? Mutumin da bai san abin da yake riƙe da rufin kansa ba? Yaya, yau ɗin nan zan aika wa su Zailani..."

Baba ya ɗaga hannu, alamar bai gama ba. Amma Zinnira ba ta ga hannun ba. Abin da ta gani kawai shi ne za a yanke wa Ja'afar hukunci a kan laifin da ita ta yi. Ta banko labule ta zube a gaban Baba, gwiwoyinta suka bugi ƙasa.

"Baba, ni ce! Wallahi ni ce, ba shi ba ne! Ni na ce ya fasa. Ya ce in tambaye ka, na ƙi. Ya ce zai kira magini, na hana shi. Na ce masa na sani, a gidan magini aka haife ni. Duk tambayoyin da nake yi maka in na kawo fura, shi nake kai wa. Yaɓen, makubar, yatsu ukun, duk daga bakinka suka fito. Wannan ɗaya ce ban tambaya ba, don ina tsoron ka gane. Gadon Inna nake so ya shiga. Baba, ka yi mini duk abin da za ka yi, amma kada ka ɗora masa. Ina son sa, Baba, ban taɓa faɗa a gabanka ba, yau na faɗa."

Kuka ya ci ƙarfinta.

Baba ya daɗe yana kallon ta. Hannun da ya ɗaga ya sauko a hankali ya kwanta a gwiwarsa.

"Ke kika ce ya fasa?"

"Ni ce, Baba."

"Ya san ke ce. Ba mantawa ya yi ba."

Ba ta gane inda maganar ta dosa ba. Ta gyaɗa kai.

Baba ya sauke numfashi, ya fara magana a hankali, kamar mai ba da labarin wani.

"Shekara ashirin rabon da in ga yaɓe irin na yaron nan. Na zaga gidan sau biyu kafin in shiga. Indararo daidai, makuba daidai. Na ga yatsu uku a bangon gabas, na ce masa wa ya koya maka? Ya ce a jikin wani tsohon gida ya gani. Na ce zai yiwu, na yi gini a Kabo. Da na shiga ɗaki na ɗaga kai, na ce masa fita. Muka nemo itacen giginya shida muka tokare. Shi yake ɗauka, shi yake kafawa, tafinsa yana jini bai ce wash ba. Bai yi mini musu ba, bai kawo hujja ba. Ya ce Baba, jahilci ne, ka koya mini. Muka fara mayar da bangon tare, mun yi sahu huɗu."

Goggo ta buɗe baki, ya dube ta, ta rufe.

"Kuskuren gini ba ya ba ni tsoro. Ni ma na taɓa zubar da soro a Durun ina saurayi, ubana ya mare ni, washegari ya ba ni wani aikin. Abu ɗaya na nema a wurinsa. Na ce wa ya ba ka shawarar fasa bangon nan? In magini ne ka faɗa mini sunansa in je in same shi, kafin ya kashe wani a wani gidan. Ya ce ba kowa. Muna tsakiyar aiki na sake tambaya, ya ce shi kaɗai ya yi tunaninsa. Da muka idar da azahar, muna zaune a kan tabarmar salla, na tambaye shi na uku. Ya dubi idona ya ce wallahi ba wanda ya sa shi."

Zinnira ta ɗago kai. Yanzu ta fara ganewa.

"Na yarda da shi. Na ce masa ya turo manyansa ranar Lahadi a sa rana. Gado kuwa na ce a bar mini, ni zan zana masa babban ɗaki a tsakar gida, mu gama kafin biki. Abin da na ɗaga hannu zan faɗa ke nan."

Inna ta zauna daɓas a kan turmi.

"Baba, ni na sa ya yi alkawari," Zinnira ta ce. "Na ce kada sunana ya fito. Rufa mini asiri ya yi."

"Na sani. Da ya ce mini, Baba, akwai wanda ya faɗa amma ba zan iya ambatarsa ba, da na ƙara ganin girmansa. Ba haka ya yi ba. Sunan Allah ya ɗauka ya rufe ki da shi, a kan tabarmar salla, yana kallon idona."

"Tsoro ya ji, Baba. Zai yi kaffara, zai tuba, zai zo ya durƙusa..."

"Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ni tambayata ɗaya. Gobe in kina gidansa, wani abu ya same ki, na kira shi na ce lafiyar 'yata, ya ce wallahi lafiya lau, da me zan auna maganarsa?"

Goggo Asta ma, da ta zo da guɗarta a baki, sai ta sunkuya tana tsince gyaɗar da ta watsar ɗaya bayan ɗaya.

"Malam," Inna ta ce a hankali, ita da kanta, "yaron nan fa don yarinyar nan ya yi."

"Na ji, Hajaratu."

Wayar da ke hannun Zinnira ta ɗauki ƙara. Ta dubi fuskar wayar, ta kife ta a cinya.

"Shi ne?" in ji Baba.

Ta gyaɗa kai.

"Ɗauka. Ki gaya masa zan koma in ƙarasa bangon, don ba na barin aiki a rabi. Amma kada kowa ya zo ranar Lahadi."

"Baba..."

"Ɗauka, Zinnira."

Ta danna, ta kai wayar kunne. Ba ta ma yi sallama ba muryarsa ta cika mata kunne, a gajiye, tana rawa don murna, da ƙarfi har Inna tana ji daga kan turmi.

"Malama! Yi haƙuri, wayar tana zaure tun safe, yanzu na wanke hannu. Albishirinki!"

Ya yi shiru yana jira ta ce goro.